Minti Bakwai a Majema

Madam Ayuk ta ce minti bakwai,
kada ya wuce, kada ya gaza:
hoto mai motsi, da murya, da fassarar Turanci a ƙasa,
sai shafi uku na bayani kafin jarrabawa.
Ta raba mu uku-uku kamar duwatsun murhu,
ni, da Falmata mai waya mai ido huɗu,
da Deli ɗan Mokolo mai kwamfutar aro
wadda ba ta shan caji sai an danne igiyar da dutse.

Wasu suka tafi kasuwa, wasu tashar mota.
Ni na ce mu je wurin Kawu Tanimu,
shekara arba'in yana jima a nan Marwa,
ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai farashi.

Mu uku a kan babur guda
muka bi inuwar darbejiya, muka haye Mayo Kaliyawo,
kogin da ya kwashe ruwansa ya bar wa yara filin ƙwallo.
Tun daga nesa warin ya yi mana maraba.
Falmata ta toshe hanci da gefen mayafi,
shi ya sa hoton farko yake rawa.

Kawu bai kalli wayar ba.
Yana kankare fatar akuya yana magana,
Hausa, in ta gaji ya hau Fillanci,
in lissafi ya zo ya ari Faransanci ya mayar.
Ya ce bagaruwa ba ta son gaggawa.
Ya ce fata tana tuna dabbar da ta rufe,
wadda aka daka da rai ba ta laushi da wuri.
Ya yi shiru mai tsawo, wuƙar kawai ke tafiya.
Deli ya ce za mu yanke shirun nan.

Dare huɗu muna yanka.
Sau biyu wuta ta ɗauke da rabin aikinmu a bakinta.
Na zauna da ƙamus ina farautar kalma:
bagaruwa ta fito da sunan Latin mai tsawon igiyar guga,
jima ta fito siririya, ba toka, ba kashin tattabara,
ba hannun da ya rine har ba ya wankuwa.
Layi biyu allon yake ɗauka.
Abin da ya ƙi shiga, na bar shi a ƙofa.

Ran Juma'a muka kai masa ya gani.
Ya goge hannu, ya matso da fuska.
Mene ne wannan farin abu mai tafiya ƙarƙashin gemuna
kamar jerin gara?
Na ce maganarka ce, Kawu, da Turanci.
Ya ce na daɗe ina magana a nan,
ga shi ya ƙare kafin in haɗiye yawu.
Wa ya cinye sauran?

Falmata ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ya ce ba komai, fata ma takan tsuke in ta bushe,
sai dai majemi ya san inda ta tafi.
Ke kin sani?

Sha uku bisa ashirin muka samu.
A gefen shafina na biyu, da jan biro,
Madam ta rubuta tambaya ɗaya tak:
ina warin?

Yanzu hutu ne, ba mai ba ni maki.
Na roƙi Deli ya turo mini abin da muka zubar,
minti hamsin da ɗaya, har da shirun.
Ina sa shi a kunne da dare ina rubutu,
layin Hausa, layin Turanci a ƙasa, tazara tsakani
mai faɗin da wuƙa za ta wuce.
Littafin kuwa a majema na manta shi kwana biyu.
Ƙanwata ta hana ni shiga da shi ɗaki.